Biyu da Rabi

A Kano aka fara gaya mana maigidana yana da ciwon suga, lokacin da muka je gida bayan shekara huɗu ba mu leƙa ba. Shi bai so zuwa asibitin ba, ni na ja shi. Mahaifinsa wannan ciwon ne ya fara cin ƙafarsa kafin ya tafi da shi gaba ɗaya, saboda haka ko sunan ciwon ba a ambata a gidansu, sai dai a ce "ciwon Baba". Aka soke shi a yatsa, aka ɗiga jinin a wani ɗan inji, sai ga lamba ta fito: sha huɗu. Ban san me sha huɗu take nufi ba, amma na ga yadda ya sunkuyar da kai ya ƙura wa ƙafafunsa ido.

Wata nas ce, dattijuwa mai faɗa, ta ja ni gefe. Ta gane ni ce mai riƙe gidan, don haka ni ta yi wa bayani, shi ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta ce, "Hajiya, lamba biyu za ki riƙe, huɗu da bakwai. Tsakaninsu lafiya. In ya haura bakwai, suga ya hau. In kuwa ya faɗo ƙasa da huɗu, wannan shi ya fi saurin kashe mutum. Nan take ki ba shi abu mai zaƙi, kuma kada ki ba shi ƙwayar sai ya dawo daidai. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Kuma wallahi na ji, na haddace kamar karatun allo. Ni haka nake, in aka gaya mini abu sau ɗaya ya zauna ke nan. Abin da ban iya ba shi ne in koma in sake tambaya, don a ganina sake tambaya na marasa kai ne. Wannan hali nawa kowa ya san shi a Sotega, unguwarmu a Libreville ta ƙasar Gabon.

Muka dawo Libreville da buhun ƙwayoyi da ɗan injin awo da muka saya a Kano. Rayuwa ta koma yadda take. Ni ina kanti, shi yana kai katan-katan na kaya Port Môle, a loda su a jirgin ruwa a wuce da su Port-Gentil. Yini yake a tsaye tsakanin masu dako, in ruwan sama ya tsuge ya tsuge a kansa. Na hana shi suga a shayi, na rage masa shinkafa, na hana shi burodin safe da yake so kamar ransa. Kullum da safe ina soke shi in duba. Wata rana sha ɗaya, wata rana goma, wata rana ta koma sha biyu. Bakwai ɗin nan da nas ta ce, ko hango ta ba mu taɓa yi ba. Shi kuma kullum cikin mita yake, wai ƙwayar tana murɗa masa ciki.

Bayan wata biyu 'yan takardun da ake ɗiga jinin a kai suka ƙare. Na zaga farmasi ya fi biyar da injin a hannuna, kowa ya juya shi ya girgiza kai, babu irinsu a nan. Na jefa shi a durowa.

A daidai lokacin ne wani bidiyo ya shigo zauren matan unguwa na waya. Wani Bature ne riƙe da wasu 'ya'yan itace ƙanana, baƙaƙe-baƙaƙe masu shuɗi, an ɗora muryar wani yana bayani da Hausa cewa ruwansu yana saukar da suga. Na kalla sau uku. Da na ga kamarsu sai na ce ai wannan ɗinya ce, ɗinyar Turawa, kuma sunan da ya bi abin ke nan a unguwarmu har yau. Aka ce akwai wata mata a bakin Port Môle da take sayar da ruwan a kwalba. Washegari na bi maigidan har can na samo ta. Kwalba ce 'yar ƙarama, ruwan ciki mai kauri, da ɗan tsami, yana barin harshe baƙi kamar na yaron da ya yini a gindin ɗinya. Cokali ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ban daina ba shi ƙwayar ba a lokacin, haɗa su na yi.

Sati shida muna haka, ban san ko yana aiki ba, tunda babu injin. Sai na ce mu je labo, inda ake ɗibar jini a ba ka takarda. Aka ɗiba da safe, ya wuce wurin aikinsa, ni na koma da rana na karɓo.

Faransancina na kanti ne. Na san akwai, na san babu, na san sai gobe, na iya faɗa da mai kawo ruwan kwalba. Amma takardar asibiti ba ta cikin karatuna. Yarinyar da ta miƙo mini takardar ta zagaye wata lamba da jan biro, ta yi magana da sauri, na tsinci kalma biyu kawai, "likita" da "yau". Na gyaɗa kai kamar na fahimci komai. Na fito bakin titi na buɗe. Biyu, waƙafi, biyar. Biyu da rabi.

Daga sha huɗu zuwa biyu da rabi! Na tsaya a bakin titin nan tasi suna ta yi mini oda ban ji ba. Abu biyu suka zo mini tare. Na farko, ashe ɗinyar nan haka take da ƙarfi. Na biyu, muryar nas ɗin Kano: ƙasa da huɗu ya fi saurin kashe mutum. Shi ya sa aka zagaye da ja, shi ya sa yarinyar ta ce yau. To me zan je in yi wurin likita, in bi layi har la'asar, a gaya mini abin da na riga na sani? Mutumin da ya kusa faɗuwa yana can Port Môle a tsaye cikin rana.

Na kira shi na ce ya bar komai ya dawo gida yanzu. Kafin ya iso na dafa shayi, na fasa gwangwanin madara mai kauri, mai zaƙin nan da na hana shi wata huɗu, na zuba cokali uku. Ya shigo yana haki, na miƙa masa. Ya kurɓa, ya ɗago ya dube ni.

"Ke, yau kuma lafiya?"

Na ce, "Sha, Malam. Sugan ne ya sauka, har ya wuce misali. Allah ne ya tsare ba ka faɗi a hanya ba."

Ya shanye, ya lashe leɓe, ya ce Alhamdulillahi. Na ɗauki ƙwayoyin na ɗora su can saman kabad. Ruwan ɗinyar ma na rage shi zuwa rabin cokali, tunda na ga ƙarfinsa.

Da yamma na shiga wurin maƙwabciyata da takardar. Mutuniyar Maraɗi ce, ta girme wa 'yata ta fari da kaɗan, mijinta yana jan mota tsakanin nan da garin Ntoum. Yaya take ce mini. Ta yi jinyar mahaifinta da irin wannan ciwon kafin ta zo Gabon, kuma ta yi lakwal, wato makarantar boko, tana karanta Faransanci. Ba shawara na je nema ba, in faɗi gaskiya. Na je ne a yi mini barka.

Na ce, "Kin ga ikon Allah? Biyu da rabi."

Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Mi kinka ce? Biyu da rabi? Subhanallahi. Yaya, shina da yawa hwa."

"Da yawa kamar yaya? Mutumin da yake sha huɗu?"

"Ni dai ban san sha huɗu ba. Amma tsohona in ya kai biyu, lokotoro faɗa yake yi muna. Guda aka so, ko guda da kaɗan."

Na yi dariya har da tafa hannu. Na ce ɗaya? Ai wanda ya kai ɗaya sai dai a nemo likkafani. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta takardar ta duba, akwai wani rubutu ƙanana a gefen lambar. Sai raina ya ɓaci. Na ga kamar yarinyar nan tana so ta nuna mini ita ce mai boko. Na ninke takardar na cusa a jaka, na ce, "Ku da kuke ce wa asibiti likita, ku ce wa likita lokotoro, ku ne za ku koya mini lamba? Ni babbar nas ce ta karantar da ni a Kano, da bakinta." Na faɗi wasu maganganun ma da suka fi wannan, har da cewa wasu ba sa son ganin an samu sauƙi. Ta ɗauki tsintsiyarta. Ta ce, "Allah shi ba shi lahiya, Yaya." Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Sati bakwai ina ɗura wa mutumin nan zaƙi. Da safe shayi da madara. In zai fita in cika masa aljihu da dabino. In ya dawo ya ce jikinsa babu ƙarfi, sai in ce ka gani, ya sake sauka, in kawo zuma a cokali. Yana shan ruwa kamar raƙumi, yana zaga bayi ba adadi, wandonsa yana zamewa daga ƙugu. Duk na gani da idona, kuma duk na fassara shi yadda nake so. Bayan sati uku na sake kai shi labo, takarda ta ce uku, waƙafi, biyu. Na yi murna. Na ce yana hawowa, saura ƙiris ya kai huɗu, a ci gaba. Wannan karon yarinyar labon har biyo ni ta yi bakin ƙofa tana magana, na ɗaga mata hannu na ce na sani, na sani.

Wata rana ya dawo cikin ruwan sama, ya cire takalmi, na ga jini a ciki. Na tambaye shi, ya ce shi bai ji komai ba. Ƙusa ce daga jikin wani akwatin katako ta huda takalmin ta shige ƙarƙashin yatsunsa, ya yini yana tafiya a kanta. Na wanke da ruwan zafi da gishiri, na ɗaure. Kwana goma ciwon bai kame ba. Ya kumbura, gefensa ya yi baƙi, ya fara wari. Shi ya daina kallon ƙafar gaba ɗaya, in ina wankewa sai ya juya fuska bango. Na san mahaifinsa yake tunawa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, Baba sugansa hawa ya yi, naka kuwa sauka ya yi, ba ɗaya ba ne.

Ranar wata Talata da hantsi ya kasa tashi. Ina yi masa magana yana amsa mini da wata maganar daban, yana kiran masu dako su sauke kaya. Leɓensa ya bushe ya tsage. Na ɗebo zuma ina ƙoƙarin buɗe bakinsa, ina kuka, ina salati da ƙarfi. Salatin ne ya shigo da maƙwabciyata. Ta karɓe cokalin daga hannuna ta ajiye a ƙasa, ta kira mijinta a waya ta ce ya sauke fasinja ya juyo.

A asibiti aka kwantar da shi a gado mai taya, wata nas ta soke yatsansa ta duba, ta ɗaga murya ta faɗi lamba, sai na ga mutum biyu sun taho da gudu. Na kama hannun maƙwabciyata na ce me ta ce?

Ta ce, "Huɗu da takwas. Ya kusa biyar."

Ni kuwa, a tsakiyar ɗakin nan, a gaban kowa, na ɗaga hannu sama na ce, "Alhamdulillahi! Ya dawo daidai!"

Likitar mace ce, 'yar ƙasar, ba ta kai ni shekaru ba. Ta juyo ta tambayi maƙwabciyata me na ce. Ta fassara mata. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja haka ba. Likitar ta ba da umarni aka wuce da shi ciki ana rataya masa ruwa, sannan ta ce mu biyo ta. Ta zaunar da ni, ta ce in faɗa mata komai daga farko. Na faɗa, har da ɗan alfahari a muryata, don har lokacin ina ganin ni na riƙe shi da rai. Na kawo maganar sha huɗu, da huɗu da bakwai, na fito da takardun labo biyu na shimfiɗa mata a tebur.

Ta juya bayan takardar farko ta rubuta biyu da rabi, ta ja layi biyu, ta rubuta sha huɗu a gabansa. Ta turo mini. Ta yi magana a hankali, maƙwabciyata tana mayar mini da Hausa.

"Ta ce awon Najeriya da na nan ba guda ba ne, Yaya. Kamar mudu da kilo. Biyu da rabi na nan, shi ne sha huɗu na can. Lamba guda ce."

Na ce ban gane ba. Na gane sarai, kunnena ne ya ƙi karɓa.

"Ta ce bai taɓa sauka ba. Ranar da kinka amso takardar nan, sugan nashi yana nan inda yake tun Kano."

Likitar ta sake rubutu a ƙasa. Huɗu da takwas, layi biyu, ashirin da shida da wani abu. Na ƙura wa ashirin da shidan nan ido. Innalillahi kawai nake iya cewa, ita ma ba ta fita sosai.

Na lalubo kwalbar daga jaka na ɗora a teburin, don har a lokacin ina neman wanda zan ɗora wa. Ta ɗauka ta karanta jikinta, ta ɗage kafaɗa. Ta ce ruwan 'ya'yan itace ne, ba ta ga abin da zai cutar a ciki ba, mutane suna sha, ana ta magana a kansa, amma ba ya zama a madadin magani, kuma a jikin mijina dai ga shi nan, kafin ya sha da bayan ya sha lamba ɗaya ce. Ta ture kwalbar gefe kamar abin da ba shi da muhimmanci. Sai ta tambaya yaushe ya daina shan ƙwayarsa, kuma me yake ci.

Nan ne aka zo wurin. Na fara lissafawa, maƙwabciyata tana fassarawa. Madara mai zaƙi, cokali uku. Dabino. Na lura muryarta tana ƙasa-ƙasa, kuma abin da take faɗa ya fi nawa gajarta. Tana rage mini ne. Na ce, "Faɗa mata duka. Ki ce da zuma. Ki ce yau da safe ma na ba shi. Ki ce sati bakwai, kuma ni na ɓoye maganin a saman kabad." Ta faɗa, hawaye yana zubo mata. Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na ji sauƙi. Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ce za su yi ƙoƙari su ceci ƙafar, amma ba ta yi alkawarin yatsun ba.

A barandar asibitin na riƙe hannun maƙwabciyata na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ni ma da laihina, Yaya. Na san abin da na gani. Da na shigo na ƙwace takardar, ko da za ki mare ni." Wannan maganar ta fi zagi ciwo, don na san dalilin da ya sa ba ta shigo ba. Bakina ta ji tsoro, kamar kowa.

Kwana biyu kafin hankalinsa ya dawo. A rana ta biyar aka shiga da shi aka cire yatsu biyu, ƙaramin da na kusa da shi, da ɗan naman gefen. Ƙafar ta tsira. Ni ce na zauna na gaya masa komai, ban bar wa likita ba. Ya saurara har na gama, ya rufe ido. Na ɗauka fushi ne, kuma na ga ya cancanta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, abokansa na Port Môle da dattawan unguwa suka zo dubiya, suka cika ɗakin. Ina rakuɓe a gefe da mayafi na rufe rabin fuskata. Wani dattijo, mai yawan tambaya, ya ce, "To wai garin yaya haka, Alhaji? Ba an ce kana shan magani ba?"

Na buɗe baki zan yi magana, maigidan ya riga ni.

"Ni na ajiye shi. Yana murɗa mini ciki, na yi taurin kai. Ita ta yi ta fama da ni."

Suka yi ta yi masa faɗa, wai babba da shi yana wasa da magani. Dattijon ya juyo ya ce mini, "Sannu Hajiya, kin yi ƙoƙari, Allah ya saka." Sai da na amsa da amin. Ban san ta inda kalmar ta fito ba.

Da suka watse na matso bakin gadon na ce, "Malam, me ya sa ka yi haka? Ka san ƙarya ce."

Ya kalli silin. Sannan ya ce, "Ba duka ba ce ƙarya. Ni na ji a jikina ba sauka ya yi ba. Ƙishirwar irin ta kafin mu je Kano ce, na gane ta tun satin farko."

"To don me ba ka faɗa ba?"

"Kin ce ya sauka." Ya juyo ya dube ni, babu fushi ko kaɗan a idonsa, kuma shi ne abin da ya karya ni. "Shekara ashirin da biyu, ban taɓa bin bayan maganarki na duba ba."

Ina tsaye a wurin nas ta shigo da tiren kayan wanki, ta ɗage bargon, ta fara warware bandejin. Shi ya juya fuska bango. Ta yafito ni da hannu, ta nuna idonta, ta nuna ƙafar, ta ce in matso in gani da kyau, don in an sallame mu ni zan riƙa wankewa kullum. Na matso.